Wace Ce Ummi?

"Ummi, ga mu nan tafe, habibti..."

Abin da na fara ji ke nan daga bakin Hayatu a waya, ko jakata bai gama sawa a bayan tasi ba.

Habibti! A gabana!

Ni Naja'atu, da na baro Shinkafi, na hau jirgi ina ta salati har Alƙahira don karatun jinya, tarbar da saurayina zai min ke nan? Larabcina na Islamiyya ne, amma ko yaron goye ya san habibti masoyiya ake nufi.

Nan take maganar Laila, ɗiyar kawuna, ta faɗo min. Na san ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Hayatu, shi ya sa da farko na watsar.

"Ki dai buɗe ido," ta ce ranar da nake haɗa kaya. "An ce yana da wata Ummi can. Ita ka dahwa mai abinci, ita ka yi mai wanki."

Baba kuwa dama a dole ya karɓi kayan sa-rana.

"Ɗan Ƙaura da ya daɗe ƙasar waje, wa ya san halin da ya kwaso? In kin ga ba daidai ba, ki sanar da ni, a ranar zan maida musu kayansu."

Hayatu ya waiwayo daga kujerar gaba.

"Najata, kin yi shiru. Gajiya ce?"

"Wace ce Ummi?"

Wai sai ya yi murmushi!

"Can muka nufa, kya gan ta. A gidanta ma za ki zauna."

"A gidanta?"

"Awo. Ta matsu ta gan ki."

Lallai namiji! Mahaifiyarsa ta rasu tun yana firamare, balle in ce da ita yake. Zuciyata ta dinga tafasa, ko kallon dogayen benayen garin ban yi ba. Na zaro waya, na rubuta: "Baba, ka maida musu kayansu."

Na tura. Saƙon ya maƙale, layina na gida ba ya aiki a nan. Na ce a raina, ka jira, za ka tafi ne.

Muka hau wani tsohon bene ina haki. Na gyara mayafi, na haɗe rai, na shirya ganin farar Balarabiya mai gashi har baya.

Ƙofa ta buɗe.

Wata tsohuwa ce tukuf, da sanda, haƙoranta ba su fi uku ba. Ta rungume ni tana ƙamshin albasa, ta ce da wata karyayyar Hausa:

"Sannu da zuwa... ɗiyata."

Na waiga na kalli Hayatu.

"Ga Ummi," in ji Hayatu. "Mai gidan da nake haya. Ita ta yi jinyata da zazzaɓi ya kusa kashe ni. Nan haka ake ce wa tsohuwa, ummi, wato uwata. Na koma wajen abokaina don ki samu ɗakin."

Wayyo Allah! Ni da na san Ummi sunan 'yan mata ne, ajinmu kaɗai akwai su rututu. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

"Kawo wayarki in haɗa miki intanet ɗin gidan, ki hwaɗa wa Baba kin sauka."

Kafin in ankara ya zare ta daga hannuna.

"Hayatu, kar ka haɗa!"

Ina! Idonsa ya riga ya sauka a kan saƙon. Murmushin ya ɓace. Ya daɗe yana kallon wayar, ni kuwa hawaye sai zuba suke.

"Ko ki jira ki gani, Naja?"

"Laila ce ta ce..."

"Laila zan aura ko ke?"

Wallahi ban taɓa jin tsoron rasa shi irin na lokacin ba.

Ya miƙo min wayar a hankali.

"Ke kika rubuta. Ki goge ko ki tura, ban hana ki ba."

Na goge da sauri har yatsana na zamewa. Tsohuwa ta dungure masa kai tana faɗa da Larabci, da alama cewa take ya daina sa ni kuka. Dariya ta kuɓuce masa.

Ya haɗa min intanet ɗin, na share ido, na sake rubutawa:

"Baba, na sauka lafiya. Ina hannun surukata."