Karen Firisila

Gab da magariba Ummusalma ta zagaya bayan gida kwashe shanya, sai ta ji saukar bulala ta bayan katanga. Ta ƙirga har bakwai. Karen bai yi kuka ba, sai ƙarar sarƙa a kan siminti.

A Tudun Wada ta Jos ne, a daminar 2003. Maƙwabcinta Dantong kafinta ne a kasuwar Katako, kuma karen, wani baƙi mai suna Duna, na matarsa Firisila ne. Shekara goma sha ɗaya matan biyu suka yi suna miƙa wa juna abinci ta saman katangar nan, masa da Sallah, shinkafa da Kirsimeti. Ranar da rikicin 2001 ya ɓarke Firisila ta fita lambunta da karen. Bayan kwana uku Duna ya dawo shi kaɗai. Ba a ga ko gawarta ba.

Tun daga nan Dantong ya ɗaure shi. Kullum in rana ta yi ja, karen zai miƙe yana fizgar sarƙa, fuskarsa na kallon duwatsu, Dantong kuma ya ɗauko bulala. Ummusalma ta sha yi masa magana. Sau ɗaya ya amsa, kansa a ƙasa: "Maman Kausar, ki bar ni da kayana."

A ranar dai haƙurinta ya ƙare. Tana jin tashin babur ɗinsa ta yafa mayafi ta shiga gidan, ita da ba ta taɓa yarda kare ya shinshine ta ba. Wurin na warin jini da tsatsa. Sarƙar ta cinye fatar wuyansa, ƙudaje sun yi baƙi a kai, haƙarƙarinsa duk a waje. Ya ɗago ya dube ta. Hawaye ya zubo mata, ta sa hannu ta kwance ƙugiyar.

Niyyarta ta ɓoye shi a kangon bayan gidanta. Amma Duna ya fice, yana ɗingishi, ya kama hanyar duwatsu. In ya yi gaba kaɗan sai ya tsaya ya waiwayo. Ta ce a ranta bari ta kamo shi kafin a kira salla.

Suka wuce gidajen ƙarshe, suka ratsa shingen ƙerana. Sanyi ya sauko. Can baya ladan ya ɗaga murya, muryar ta zo mata siririya kamar daga wani gari. Gabansu wani tsohon ramin kuza ne da ruwa ya cika, kore shar, ko motsi ba ya yi.

Kwaɗi suka yi shiru gaba ɗaya.

Sai ƙamshin ganyen albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙamshin da Firisila ke dawowa da shi daga lambu.

Mace ce tsaye cikin ruwan, iya gwiwa, ta ba ta baya. Zanen Zumuntar Mata ta coci ne a jikinta, a bushe ƙarau.

"Salma," in ji ta a hankali. Mutum ɗaya ce a duniya ke kiranta haka.

Duna ya kaɗa wutsiya. Ya yi wani ɗan kuka irin na jariri.

"Kin daɗe ba ki leƙo ni ba. Sanyi nake ji. Zo ki kama ni."

Ummusalma na son ta yi addu'a, harshenta ya yi nauyi. Ƙafafunta suka tafi da kansu. Laka ta haɗiye takalminta. Ruwa ya kai idon sawunta, sanyinsa har cikin haƙora.

Matar ta miƙo hannu ta baya, ba ta juyo ba. Hannun ya yi ta tahowa. Ya wuce tsawon hannun mutum.

Wutsiyar Duna ta tsaya.

Ya yi gurnani. Ya cafki zanen Ummusalma ya fizge ta, ta faɗi da baya a kan tsakuwa. Sannan ya shiga tsakaninsu.

Muryar ta sake magana, yanzu a ƙasa-ƙasa, daga cikin ruwan. Sunan karen ta kira.

Ummusalma ta ambaci Allah da ƙarfi, ta tashi da gudu. A bayanta ta ji faɗawar abu cikin ruwa, sau ɗaya. Ba ta waiwaya ba.

A ƙofar gida ta tarar da Dantong riƙe da sarƙa. Ya dubi ƙafafunta, babu takalmi, duk laka, sai ya zauna a ƙasa. Ya ce shi ma yana jin kiran, kullum da magariba, shekara biyu ke nan. Ya san ba matarsa ba ce. Amma ya san ranar da karen ya tafi, shi ma zai bi bayansa, ya bar 'yarsu Yael ba uwa ba uba. Shi ya sa yake dukansa har sai ya kwanta.

Da safe maza suka je ramin. Suka sami Duna a bakin ruwa ya mutu, jikinsa a bushe, kansa a kan wani takalmin roba na mata, wari ɗaya. Dantong ya gane takalmin, na Firisila ne. Ya cire rigarsa ya naɗe karen, ya hana kowa taya shi ɗauka.

Wata biyu bayan haka ya kwashe kayansa zuwa ƙauyensu. Ummusalma kuwa har yau in rana ta faɗi ba ta amsa kira, ko na 'yarta ne, sai ta ga fuskar mai kiran.

Ranar tafiyar Dantong ya tsaya a bakin ƙofarta. Ya tambaye ta ko karen ya kaɗa wutsiya lokacin da ya ga abin nan. Ta ce ya kaɗa.

Ya gyaɗa kai, yana kallon ƙasa.

"Ni shekara biyu bai kaɗa mini ba."