Minti Ukun da Na Yanke

Da yammacin Juma'a na ɗauki makullai na ce wa matata Nevena zan leƙa silima in gwada fim ɗin gobe. Shekara arba'in da shida ina wannan aikin. Mai haska fim na ƙwarai ba ya sa wa jama'a abin da bai fara kallo shi kaɗai ba. Sai ya bi faifai ɗaya bayan ɗaya, ya ga inda zare ya yage. In wurin ya lalace da yawa, ya yanko daga wani kwafi ya cike gurbin. Haka aka koya mana.

Tana zaune bakin taga tana ɓare wake da lalube. Idonta ya kusa tafiya. Likita ya ce kafin sanyi ya shigo ko fitila ba za ta gani ba.

"Stamen, na masuntan nan ne dai ko?"

"Shi ne."

"Ko ɗan guntu bai saura ba?"

"Haba Nevena! Sau nawa zan gaya miki? A gabana suka ƙona shi."

"Na sani. Tambaya dai na yi." Ta ci gaba da wakenta. "Ɗauki rigar sanyi, tsoho, kar ka dawo mini da tarin nan naka mai hana maƙwabta barci."

Ƙarya na yi mata, kuma ba ranar na fara ba.

Zdravko yayana ne, kuma shi ne mijinta na fari. Masunci ne mai murya, irin mutumin da in ya shigo ɗaki kowa sai ya manta kana ciki. Da masu fim suka zo daga Sofiya, suka gan shi a bakin teku, suka sa shi a kwalekwale yana waƙa har minti uku. Fim ne na babban zare, mai faɗin tafin hannu, wanda duk yankinmu allonmu ne kaɗai ke ɗaukarsa. Fuskar Zdravko a allon nan ta fi gidanmu tsayi. Sau goma sha ɗaya Nevena ta kalle shi, a layi na tara, kujera ta sha huɗu. Ni kuma ina sama, ina kallon ƙeyarta ta 'yar tagar ɗakin inji.

Bayan shekara biyu ya ɗauki kwalekwalensa ya gudu ya nufi Turkiyya, a zamanin da barin ƙasa babban laifi ne, bai dawo ba. Wasu suka ce harbi ne, wasu suka ce igiyar ruwa. Mutanen gwamnati suka zo gidanta suka kwashe duk hotunansa, har na aure. Sannan umarni ya zo cewa a cire shi daga kowane kwafi a ƙasar. Wani mai kwat ruwan toka ya tsaya a kaina, na zaro zaren, na auna yadda muke aunawa, daga kan hanci zuwa kan yatsa, gaba bayan gaba. Na sa almakashi na yanke yayana da hannuna.

Ƙa'ida ce a rufe abin da aka yanke a gwangwani a aika musu. Da mutumin ya fita shan taba, na cika musu gwangwani da tarkacen wani tsohon fim. Na gaskiyar na cusa shi a ramin bango, bayan bututun da ke fitar da zafin fitila. Wallahi a lokacin don ita na ɓoye. Na ce in duniya ta lafa zan ba ta.

Duniya ta lafa. Gwamnatin ta faɗi, tsoro ya ƙare. Amma kafin nan Nevena ta riga ta aure ni. Shekara talatin da takwas tana dafa mini, tana yi mini guga, ba ta taɓa ɗaga mini murya da gaske ba. Sai dai ko sau ɗaya ba ta kalle ni yadda take kallon allon nan ba. Kishi ne ya hana ni, ba wani abu ba. Kishi da matacce, tir da ni.

Ga shi yanzu an sayar da silimar. Ranar Litinin za a tumɓuke kujeru a jera firji da injin wanki. Asabar ce haskawa ta ƙarshe.

Na isa rana tana ja a kan rufin gidaje. Na buɗe ƙofar gefe, na kulle ta a bayana. Ƙamshin da na sani ya tarbe ni, tsohon karammiski da ƙura da man goge daɓe. Kujera ɗari tara, kowacce a naɗe, don namu masu tashi ne da kansu in babu kowa a kai. Mala'ikun filasta na rufi sun yi baƙi, ɗaya ma ba shi da hanci. Na ja igiya, jan labule ya buɗe a hankali yana ƙugi, allon ya fito fari fat daga bango zuwa bango.

Na hau matakalar ƙarfe zuwa ɗakin inji, taka talatin da biyu, gwiwata tana zagina. Na sa sakata kamar kullum. Na ɗora faifai, na kunna fitila, inji ya kama kukansa.

Faifai na ɗaya lafiya lau. Na biyu ma haka. Teku ya cika allon, shuɗi, har kana jin kamar zai zubo maka a cinya. Na yi tsaki. Wai wannan ne za a musanya da firji.

Na sauya zuwa na uku.

Ƙas.

Na ɗauka haɗin zare ne ya saki. Na duba zaren, yana tafiya sumul.

Ƙas. Tuf.

Wannan ƙarar na san ta. Semki ne, 'ya'yan furen rana da mutanenmu ke fasawa da haƙori a silima suna tofar da ɓawo a ƙasa. Shekara da shekaru muna faɗa da su a kan shara. Amma ni na kulle ƙofa.

Na leƙa ta taga.

Layi na tara. Kujera ta sha biyar, ta kusa da ta Nevena, a sauke take.

Akwai kai a samanta. Gashin a jiƙe yake, yana sheƙi a hasken allo.

Na buɗe baki zan ce waye nan. Daidai lokacin haɗina ya iso, wurin da na yanke. Na san shi kamar sunana. A nan hoto kan yi tsalle daga teku ya faɗa kasuwar kifi.

Bai yi tsalle ba.

Kwalekwale ne a allon, yana lilo a kan ruwa. Ga taru, ga matuƙi a jingine. Kiɗa yana tashi. Babu kowa a ciki, babu mai waƙa.

Fat! Kujerar ta naɗe.

Caɓ. Caɓ. Caɓ. Taku ne a kan kafet, irin na wanda takalminsa ya sha ruwa. Ya bi ta tsakiya, ya wuce ƙarƙashina, na daina ganin komai.

Sai ƙarfen matakala ya amsa.

Na ƙirga ba da son raina ba. Goma. Ashirin. Warin gishiri da ruɓaɓɓen gansakuka ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Talatin. Talatin da ɗaya.

Talatin da biyu.

Na zuba wa sakata ido. Ba ta motsa ba. Na yi alamar gicciye.

Ruwa ya ɗiga a wuyana ta baya.

"Stamenco."

Mutum ɗaya ne a duniya ke kirana haka. Muryar can ƙasa take, a shaƙe, kamar mai magana da ruwa a baki.

"Bate," na ce, yadda na saba kiran yayana tun ina yaro. Ban juya ba.

"Gobe za ta zo?"

"Za ta zo."

"Idonta fa?"

"Ya kusa."

"To mayar da ni."

Na rarrafa zuwa bango. Na zare bulon da farce, na jawo gwangwanin. Da ɗumi na ji shi. Tun kafin in buɗe na sani. Ko wanda ya fara aiki jiya ya san ba a ajiye zare kusa da zafi, kuma duk shekara ana buɗe shi a warware ya sha iska. Ni ban taɓa buɗewa ba, don ba na son ganin fuskar.

Murfin ya ɓalle. Warin ruwan kal ya buge ni har hawaye. Abin da ke ciki ya dunƙule wuri ɗaya, baƙi, yana danƙo kamar alewar da ta narke a aljihu. Na ja bakinsa, ya biyo yatsana ya tsinke.

"Ya lalace, Bate."

"Ka bar shi ya lalace."

Ban musa ba.

Ya yi 'yar dariya, irin wadda yake yi in ya kama ni ina leƙen 'yan mata. "Kai ne gwani. In wuri ya lalace, yaya kuke yi?"

Na mayar da murfin gwangwanin.

"Yaya kuke yi, Stamenco?"

"A yanko... a yanko daga wani kwafi."

"Madalla. Uwa ɗaya ta haife mu."

Hannu ya kama wuyan hannuna. Sanyinsa ya shige har ƙashi. Ya miƙar da hannun nawa gefe. Yatsa mai laushi, kumburarre, ya taɓa kan hancina, ya bi kafaɗa, ya sauka kan yatsana.

"Ɗaya."

Na ga Nevena da farin mayafi a ƙofar coci, ta wuce kamar an ja ta da zare.

"Biyu. Uku."

Ashe kowace gaba shekara guda ce. Ɗakinmu na farko. Murhun da ke hayaƙi. Ita tana dariya don na ƙona wake.

"Bate, don Allah."

"Sha tara. Ashirin."

Inji yana kuka. Kwalekwalen yana lilo.

"Talatin da bakwai."

Na ji almakashina ya bar kan tebur.

"Talatin da takwas."

Na ji almakashin ya buɗe baki.

Na fizge da duk ƙarfin da ya rage mini. Na banke sakata, ƙafata ta zame a kan ruwa, na gangaro matakalar nan da kafaɗa da baya da kai. Ina ƙasa a kwance na ji shi daga sama, sau ɗaya, a tsanake.

Ƙas.

Ban san yadda na buɗe ƙofar gefe ba. Na dai gan ni a titi, kuma ko duhu bai gama yi ba. Mai gasa masara yana fifita garwashi, mata biyu suna gardamar kuɗin tumatir. Na shafa jikina. Hannu ya karye, amma komai yana nan. Na ce na tsira. A gida na tarar Nevena ta riga ta kwanta, ban tashe ta ba.

Ranar Asabar na haska fim ɗin da hannu a rataye. Maƙwabciyarmu ce ta rako Nevena, don tun asuba ina asibiti, daga can na wuce silima. Mutum sittin suka zo, a kujera ɗari tara. Da haɗin ya iso, hoto ya yi tsalle ya faɗa kasuwar kifi kamar kullum. Kowa haka ya gani, ni ma haka na gani.

Ban da ita. Ta ɗaga fuska, ta sa hannu a ƙirji, leɓɓanta suna bin waƙar da babu mai jin ta. Na duba agogo. Minti uku cif. Kujerar gefenta a sauke take.

Da fitilu suka kama, na sauko na riƙe mata gwiwar hannu. Kumatunta a jiƙe, tana murmushin da ban taɓa samu ba.

"Wa ke nan?"

"Ni ne, Nevena. Stamen."

Ta laluba fuskata da yatsu. "Stamenco? Ƙanin Zdravko? Kai, yaro, ka tsufa! Ina ka shige duk shekarun nan? Ka ga yayanka kuwa? Ka ga yadda ya yi kyau?"

"Na gani."

"Kai fa, ka yi aure?"

Likita ya ce tsufa ne, wai yakan zo haka rana ɗaya. Oho, shi ya sani. Silimar yanzu kantin firji ce, kuma na ji masu shara suna ƙorafin kullum da safe sai sun tarar da jiƙaƙƙen ɓawon semki a wuri guda, tsakanin injinan wanki.

Idon Nevena ya rufe kafin sanyi, kamar yadda aka ce. Ba ta damu ba, ta ce ta ga abin da take son gani. Ni nake dafa mata yanzu, ni nake yi mata guga. Tana yi mini godiya da ladabi, tana gaya wa maƙwabta ƙanin mijinta mutumin kirki ne. Na koma kwana a ɗakin baya, don ta ce bai dace ba, mutane za su yi magana.

Kowace yamma in na kawo mata shayi sai ta sake tambaya.

"Stamenco, wai ba ka taɓa aure ba?"

Ina ce mata a'a. Kuma wannan karon ban san ko ƙarya nake yi mata ba.