Ƙarfen Ƙofar Nakkasa

An idar da sallar Magariba, unguwar Zahir da ke Makka ta yi tsit. Abdulwasi'u yana zaune a majalisarsa da maƙwabta biyu, ana shan shayi, yana nuna musu wani ɗan inji da ke kan tebur.

Injin na 'yarsa ne, Minnatullah. Karatun injiniya take yi, bincikenta kuwa a kan wani Bajamushe ne na can dauri, wanda ya ƙera ƙananan injuna don ɗalibai su ga yadda ƙarfe ke tura ƙarfe. Wannan kwaikwayon ɗaya daga cikinsu ne, ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa cikin akwati idan an murɗa hannunsa.

"Daga Jamus aka aiko mata," in ji Abdulwasi'u, har da gyara zama.

Bai rufe baki ba, hannun injin ya murɗa da kansa, a hankali, yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Jamus ina! Yayansa Zali mai walda ne ya ƙera shi daga hoton da yarinyar ta nuna masa, da ƙarfen ƙofar gidan ubansu, wanda ya tsinto ranar da katafila ta rushe layinsu a unguwar Nakkasa. Shi Abdulwasi'u tun da ya samu aikin ofis ya tare a Zahir, ba ya son ko a ambaci Nakkasa a gabansa. Zali kuwa a bayan wani shagon walda yake kwana a unguwar Misfala, alhali ga ɗaki a rufe a gidan ƙaninsa, sai akwatuna. Ranar da ya kawo injin ma, a gindin matakala aka karɓa aka sallame shi.

Daga ranar nan almuru ya zama abin tsoro a gidan. Rana na faɗuwa sai ƙusoshi masu tsatsa su riƙa faɗowa daga rufi, ɗaya bayan ɗaya. Sai a ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, a buɗe, ba kowa. Minnatullah ta daina ci, ta daina zuwa jami'a. Tana zama gaban injin, kanta yana bin juyinsa.

Murja, matar Abdulwasi'u, ta roƙe shi ya kira malami. Ya ce a'a, me mutane za su ce? Kunyar mutane ta fi masa ciwon 'yarsa, abin takaici. Sai da yarinyar ta faɗi tana birgima, ƙato biyu suka kasa riƙe ta, sannan Murja ta aika da kanta aka kira Malam Abdulhafiz, wani mutumin Sakkwato da ya daɗe yana karatu a Harami. Ƙattin biyu kuwa maƙwabtan nan ne da aka yi wa labarin Jamus.

Malam ya zauna ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Can sai yarinyar ta miƙe zaune. Ita da aka haifa a Makka, Hausarta rabi Larabci, sai ga muryar tsohuwa tana fita daga bakinta da Hausa tsantsa.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyarsu. A bayan ƙofar nan nake tun wannan yana tsirara." Idon yarinyar ya juya kan ubanta. "Wasi'u ɗan Ɗaso mai ƙosai, yaushe ƙofar ubanka ta je Jamus?"

Maƙwabtan suka dubi ƙasa. Abdulwasi'u ya ji kamar an tuɓe masa riga a kasuwa.

"Me ya haɗa ki da yarinya?" Malam ya tambaya.

"An rushe ni kamar yadda aka rushe su. Zali ne kaɗai ya yi mini sallama kafin ya sa wuta a ƙarfen. Na zauna tare da shi, don ba mai zama da shi. Na biyo injin ne in ga gidan da ya fi ƙarfinsa. A bar mini yarinyar, ta ishe ni gida."

"Wannan zalunci ne, kin sani. Ba ita ta yi laifi ba."

Injin yana ta juyawa, muryar ta ce, "To, ina da dangi a bayan duwatsu, zan koma wurinsu. Amma ba zan bar Zali ɗan Ɗaso shi kaɗai yana kwana a kan kwali ba. A buɗe masa ɗakin nan."

Malam ya dubi mai gidan.

"Yayana ne," in ji Abdulwasi'u. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya ƙera injin. Na yi alkawari, yau zai kwana a nan."

Malam ya sa ta rantse ba za ta dawo ba. Ta rantse, ta yi sallama. Ɗan yatsan ƙafar Minnatullah ya yi rawa, alamar aljanar ta fita, yarinyar ta sulale jikin uwarta tana neman ruwa da Larabci. Injin ya tsaya.

Kafin a kira Isha, Abdulwasi'u ya je Misfala da kansa. Da ya samu Zali, cikin kunya ya ce kawai, "Yaya, zo mu je gida."

Da suka iso, Abdulwasi'u ya fara hawa, ya waiga. Zali yana tsaye a gindin matakala, a daidai inda aka tsayar da shi rannan, riƙe da jakar kayan aikinsa.

"Injin ne ya lalace ko?" ya ce. "Sauko mini da shi nan in duba, ba sai na hau na ɓata maka kafet ba."