Kallon Da Auta Ta Yi Wa Hajiya

Auta na zaune a falo, ta baje littattafai a kan kafet tana zana ƙwayar ido, sai wayarta ta yi ƙara. Shekarar ƙarshe take a jami'a, kuma ba ta da buri sai na samun gurbin karatun duba lafiyar ido. Duk hutu a asibitin ido take cinye shi, tana tsaye bayan Dakta tana koyon aiki. Abin ya bi jikinta, har direban tasi in ya waiwayo sai ta leƙa idonsa.

Injiniya ne ya kira, saurayinta, wanda jiya-jiya ya kai ta gaida mahaifiyarsa karon farko.

"Auta, me kika yi wa Hajiya? Ta ce in dai ita ta haife ni, in bar maganarki."

"Na shiga uku! Ni? Wallahi har ƙasa na durƙusa!"

"Ta ce tun da kika zauna kika kafa mata ido, ko ƙiftawa babu. Wai ba ta son suruka marar kunya."

Auta ta saki wayar ta fashe da kuka. Umma ta fito daga kicin, da ta ji abin da ya faru sai ta riƙe haɓa.

"Ai na sha gaya miki! Uwar miji ake ƙura wa ido? Sai ka ce kin ga talabijin!"

"Umma, ba rashin kunya ba ne. Akwai fari-fari a tsakiyar baƙin idonta na hagu. Da ta zo zuba mini shayi, rabi a faranti ya zube. Ina jin yanar ido ce ta fito mata."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ni ɗaliba ce, Umma. Dakta ta ce wanda bai gama karatu ba, ba ya yanke wa mutum cuta. Iyakacina in ce a je a duba."

Ta kuwa aika Injiniya da saƙon a je a duba. Ai kamar an zuba wa wuta fetur! Hajiya ta ce idonta ras yake, yarinya ko digiri ba ta karɓa ba za ta laƙa mata makanta? Sati uku Injiniya bai tako gidan su Auta ba. Auta ta rame, abinci ma sai Umma ta tsaya a kanta. Amma ko sau ɗaya ba ta zuga shi ya bijire wa uwarsa ba. Ta ci gaba da cike fom na neman gurbin karatun da shirin intabiyu, tana share hawaye.

Wata Talata da hantsi sai ga Injiniya a asibitin da Auta ke koyon aiki, yana riƙe da hannun Hajiya. Ashe da safe ta kuskure matakala, saura ƙiris ta faɗi. Auta na hango su, ta juya za ta sulale.

"Ina za ki?" in ji Dakta. "Zo ki rufe mata idon dama, ki nuna mata allo."

Auta ta rufe idon, ta nuna babban harafin da ke can sama.

"Hajiya, me kike gani?"

Sai hawaye ya gangaro wa Hajiya.

"Hazo kawai, 'yar nan. Shekara biyu ke nan ina ɓoyewa. Haka mahaifiyata ta makance, sai jan ta ake yi. Ranar da kika kalle ni na san kin gano, tsoro ne ya sa na yi miki sharri."

Dakta ta haska idon, ta auna, sannan ta yi murmushi.

"Kwantar da hankalinki, Hajiya. Yanar ido ce. Zan tura ki wurin likitan tiyata, aikin ko awa ɗaya ba ya kaiwa. Da yardar Allah za ki gani tangaram."

Hajiya ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, har kujerar ta motsa. Ta lalubo hannun Auta ta riƙe gam.

"'Ya'ya shida na haifa. Kullum suna gabana kai a sunkuye, sannu Hajiya, to Hajiya, ba wanda ya ga ina makancewa. Ki yafe mini." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ka tsaya ƙerere kana washe baki! Je ka gaya wa kawunanka su shirya zuwa neman aure. Kuma in ji ka ce za ka hana ta karatun nan, ni da kai ne!"

Auta ta rufe fuska da gefen mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata, nauyin sati uku ya sauka daga ƙirjinta.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Kunya ado ce, ba mai musu. Amma ku 'yan uwana matasa, bayan kun sunkuyar da kai kun gaida iyaye, ku riƙa ɗagowa kuna duba halin da suke ciki, don da yawansu ba za su taɓa cewa suna ciwo ba.