Lissafin Malam Inayat a Bakin Shingen Jirgi

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

— Ta zo mu ji, Kaka.

To ku matso, amma ban da yawan dariya, don labarin ƙanena ne, Inayat. Wani na gani da idona, wani a kotu na ji, wani kuma shi ya faɗa mini ta tsakanin ƙarafan gidan yari.

Shekara ashirin da biyu yana koyar da lissafi a zauren gidan nan. Duk saurayin da ke son cin jarrabawar shiga aikin ɗan sanda ko na akawu, daga nan har garin Khanewal, wurinsa yake zuwa. Ba mata, ba gona, ba shi da komai sai suna. In ya ratsa kasuwa har mahauta miƙewa suke yi. Sai samari suka koma koyon lissafi a waya. Benci takwas suka zama biyu. Sai in leƙa in tarar da shi yana goge allon da ba a rubuta komai a kai ba.

Ana nan, ran nan da la'asar, sai ga Shafkat, tsohon ɗalibinsa da ya faɗi jarrabawa sau uku. Ya zo da ƙullin alawar jalebi da wani gajeren direba mai suna Buta. Kowa a garin nan ya san sana'ar Shafkat. Ni ma na sani, amma na kai musu shayi da hannuna, har da ƙarin madara.

"Malam, wata 'yar tambaya ce ta gagari yarana," in ji Shafkat. "Mota ce za ta tashi daga shagon Haji Meraj mai zinariya. Tana so ta tsallake titin jirgi gab da a sauke shinge, masu bin ta su maƙale a baya. Ƙarfe nawa za ta tsallake?"

Inayat ya gane sarai. Sai Buta ya tsoma baki.

"Ni ma ina da tawa, Malam. Oga ya ce in zaɓa, sulusi ko rubu'i. Na ce rubu'i mana, ai huɗu ta fi uku!"

"Kai jaki ne!" Inayat ya faɗa, dariya ta ƙwace masa. Ya ɗauki alli ya zana gurasar roti biyu, ya raba ɗaya gida uku, ɗaya gida huɗu. "Wanne yanki zai fi cika maka ciki?"

"Kai! Oga, ashe cuta ta za ka yi!"

Haka suka kama shi, jikokina. Wata shida ke nan ba wanda ya kawo masa tambaya. Da Shafkat ya ce zai ba shi kashi goma cikin ɗari, cewa ya yi ko rupi ɗaya ba ya so.

Shingen nan, kun san shi, in an sauke sai an yi kusan rabin awa, don jirage biyu ke wucewa, na fasinja sannan na kaya. A takarda ƙarfe sha ɗaya ne lokacinsa, amma wa ya taɓa ganin jirgi ya bi takarda? Inayat ya yi kwana goma a rumfar mai shayi yana rubuta mintin da aka makara. Ya tara, ya samu ɗari uku. Ya raba goma.

"Matsakaicin makararsa minti talatin," ya ce wa Shafkat. "Sha ɗaya da rabi za a sauke. Ku tsallake saura minti biyar."

"Mu tsallake dai, Malam. Kai za ka riƙe mana agogo."

Ranar Alhamis, rana tsaka, farar mota ta tsaya a layin masu zinariya. Inayat na baya, ya ja mayafi ya rufe fuska, agogo a hannu. Buta bai kashe inji ba. Shafkat ya faɗa shago.

"Kowa ya kwanta! Kai tsoho — faranti!"

Haji Meraj na auna wa wata mata 'yan kunne. Ya rungume farantin a ƙirji.

"Ɗana, na mutane ne, amana ce..."

"Saki!"

"Ka ji tsoron Allah..."

Tau!

Inayat ya ce mini da ya ji ƙarar, agogon ya duba. Wannan ne bai taɓa yafe wa kansa ba: an harbi mutumin da suke sahu ɗaya a masallaci, shi kuwa minti yake dubawa.

Shafkat ya faɗo mota da jaka. "Taka, Buta, taka!"

A caji ofis, Sufeto Tanwir Gondal na cin roti da wake aka kawo masa labari.

"Ina suka nufa?"

"Hanyar titin jirgi, ranka ya daɗe!"

Ya ɗaga kai ya kalli agogon bango. Sha ɗaya da minti ashirin. Ya wanke hannu a natse.

"Kada ku kashe kanku da gudu. Suna can suna jiran mu."

Buta ya sha kwanar ƙarshe — sai birki! Shinge a sauke. Taraktoci biyu shaƙe da rake a gaba, amalanken jaki a gefe. Kafin ya sa ribas, babura sun cika baya, motar haya ta toshe sauran.

"Malam, mene ne wannan?" Shafkat ya juyo.

"Saura minti biyar... bai kamata..."

"Sayar da mu ka yi, tsohon banza!"

Ya kwaɗa masa gindin bindiga a baki. Jiniya ta fara tashi daga nesa. Shafkat ya fizgi jaka ya ɓalle ƙofa.

"Oga, ni fa?" in ji Buta.

"Ka ci rubu'inka!"

Jirgin fasinja na gama wucewa, Shafkat ya sunkuya ta ƙarƙashin shinge, yadda samarinmu ke yi kullum. Baba Ditta mai gadin shinge ya ɗaga jar tuta yana ihu.

"Kai yaro! Akwai na biyu! Akwai na—"

Ba zan faɗa muku sauran ba. Kun ci abinci yanzu.

Buta ya faɗa gonar rake, manoma suka fito da shi. Inayat ko motsi bai yi ba. Sufeto ya buɗe ƙofar baya da bindiga a hannu, ya janye mayafin, sai ya tsaya cak. Shekara biyu Sufeton ya yi yana ɗalibinsa, a bencin gaba a zauren gidan nan. A gaban masu tarakta da masu babur da duk wanda ya taru, ya mayar da bindiga, ya sunkuya ya taɓa gwiwar Inayat, kamar yadda ake gaida malami.

"Malam," ya ce. Ankwa na ɗaya hannunsa.

Ya ɗauki littafin lissafin Inayat da ke kan kujera ya buɗe. Kwana tara, makarar minti goma-goma. Kwana ɗaya, minti ɗari biyu da goma.

"Baba Ditta, ran nan me ya faru?"

"Ai ranar injin ya mutu a hanya. Ban da ita, kullum sha ɗaya da minti goma nake saukewa. Ni ban san baƙi ba, ranka ya daɗe, amma da ya tambaye ni ai da na faɗa masa. Kwana goma yana zaune yana kallo na!"

Mutane suka fashe da dariya, ga gawa can ba a ko rufe ba. Tarawar Inayat daidai, rabawarsa daidai. Rana ɗaya tak ta ja sauran tara zuwa lokacin da shingen bai taɓa sauka ba ko sau ɗaya.

Washegari na kai masa abinci caji ofis, na rufe fuska har ido don kada a gane ni a hanya. Ina nan Sufeto ya kori kurata, ya rage murya.

"Malam, ba wanda zai yarda kai ka yi wannan kuskuren. Ka ce da gangan ka yi don ka kawo mana su. Haka zan rubuta. Hukunci zai yi sauƙi, gari kuma zai ce malaminmu ya yi dabara."

Na kama rigar ƙanena. "Inayat, ka ce haka ne. Don Allah ka ce."

Ya ɗago kai, leɓe a kumbure.

"Yaya, ba haka ba ne," ya ce. "Tanwir, rubuta gaskiya. Da zuciya ɗaya na yi lissafin. So na yi mu tsira."

Sufeto ya rubuta. Sannan ya fita waje, bai dawo ba har na tafi.

Haji Meraj ya rayu, amma hannun damansa ya shanye, ya rufe shago. An tsinto zinariyar a gefen titin jirgi, ban da 'yan kunnen matar nan. Uwar Shafkat ta binne abin da aka kawo mata. Buta ya sha shekara goma sha biyu. Tanwir ya nemi a canza masa gari. Inayat aka yanke masa bakwai, ya rasu a ta biyar, bai sake riƙe alli ba ko da fursunoni suka roƙe shi. Ni kuma tun daga ranar ban ƙara bi ta layin masu zinariya ba.