Maɗacin Ƙarshe

A wani tsibiri can tsakiyar teku, al'ada ce duk jaririn da aka haifa a sare itace a sassaƙa masa kwale-kwale. Aka yi ta haihuwa, aka yi ta sara, har tsuntsaye suka yi ƙaura, saura maɗaci ɗaya.

Ran nan wata tsohuwa, Gwamma, ta sami jika. Gari ya ɗauki kiɗa da guɗa, masassaƙa suka nufi maɗacin da gatura.

Gwamma ta riga su da gudu, ta rungume itacen, ta ce, "Ku dakata, 'ya'yana. Na bar wa jikana kwale-kwalena."

Sai ta tsince 'ya'yan maɗacin, ta danƙa wa kowa ɗaya. Da kiɗan da aka zo sara, da shi aka tafi shuka.