Toka a Siton Riɗi

Sufeto Abdulmalik bai ma gama shan kokonsa ba Madam Monica ta shigo ofis, ɗankwalin zumuntar mata a kanta, idanu jawur. Ita ce shugabar matan garin Manga masu noman riɗi.

"Yallaɓai, an fasa mana sito. Na tafi Dabai taron coci, na dawo ko buhu guda babu."

Sufeto mutum ne da ba ya gaggawa ko gobara ake yi. Ya tura mata kujera.

"Riɗin na wa ne?"

"Nan fa ake yin ta," in ji ta. "Wani kamfanin Turkiyya ya saya. Sharaɗin shi ne, muddin kaya suna sitona, asara tawa ce. Da zarar an loda su a motar wakilinsu, ta koma tasu. Wakilin ya ce bai loda ba. Ke nan sai na sake nemo riɗi, ko na sayar da gonar marigayi mijina."

A bakin sito suka iske mutum biyu. Joel, wakilin kamfanin, yana ta latsa waya. Sai Japhet, ƙanin marigayin, mai riƙe da makulli, ya rakuɓe kamar kazar da ruwa ya doka.

"Oga, abin a fili yake," in ji Joel. "Na zo lodi na tarar an karya kwaɗo. Motata tana tasha tun ranar, wayam. Dokar cinikin duniya ce, ba ni na yi ta ba."

"Madalla," in ji Sufeto. "Kai fa, Japhet?"

"Ina gona, Yallaɓai. Ban ga komi ba."

Sufeto ya leƙa ciki, bai taka ba. Daɓen a share yake ƙal, an barbaɗe shi da toka har kusurwa. A kan tokar sawun takalmi ɗaya ne, ya shiga ya juyo. Babu alamar jan buhu.

Ya ja Monica gefe. "Tokar nan ta mece ce?"

"Ta gara da ƙwari. Haka muke yi tun iyayenmu. In rumbu ya ƙare a share a zuba toka."

"In ya ƙare, ko?"

"Sai ya ƙare mana. Wa zai zuba toka a ƙarƙashin buhu?"

Sufeto ya gyaɗa kai. Shekarunsa a aiki bai taɓa jin ɓarawon da ya tsaya shara ba, balle har ya yi wa gara magani.

Daga nan ya wuce tasha shi da kofur. Motar kuwa tana nan, an wanke ta fes. To, amma mai wankin bai duƙa ba. Sufeto ya tattare wando ya leƙa ƙarƙashi. Jan taɓo ne daskare har saman taya, kuma a tsagar katakon bodi wasu 'yan tsirrai kore shar sun leƙo. Ya tsinki guda ya murza a yatsa. Riɗi ne, ya sha ruwa ya tsiro.

Da la'asar ya tara su a ofis, ya ajiye tsiron a kan tebur.

"Malam Joel, motar da ba ta ɗauki kaya ba, ga shi har ta fara noma."

"Tsohon lodi ne, Oga."

"Tsohon lodi ba ya tsirowa sai ya jiƙa. Wane rafi kuka faɗa?"

Sufeto ya juya ga Japhet, ya sassauta murya.

"Wa ya koya maka zuba toka?"

Japhet ya dubi Monica, sai hawaye. "Ita ce. Ita ta riƙe ni tun ina ƙarami." Ya share hanci. "Su Joel sun zo da 'yan dakonsu ranar da ta tafi, suka loda duka. Na share, na zuba toka, na kulle. Hannuna ne ya saba, Yallaɓai. Bayan sun tafi ruwa ya ci motar a mashaya, riɗi ya jiƙe. Joel ya dawo ya ce in na yi shiru zai kai ni Legas aiki."

"Kwaɗon fa?"

Joel ya sunkuyar da kai. "Ni na karya. Ni na matsa wa direba ya shiga ruwan. Da kamfani ya ji kaya sun lalace a hannunmu, aikina ya ƙare."

"Shi ne ka ɗora wa gwauruwa," in ji Sufeto. Abin ya ba shi haushi ƙwarai, amma ko murya bai ɗaga ba. "Madam, kaya sun hau mota. Gonarki tana nan."

Monica ba ta yi murna ba. Japhet kawai take kallo, kofur yana sa masa ankwa.

Har sun kai ƙofa Japhet ya waiwayo.

"Anti, ki ƙara toka a kusurwar gabas. Ta nan gara ke shigowa."

Ta toshe baki da bakin ɗankwalinta, ta gyaɗa masa kai.